Babi na 6: Kastro, Garin da Masu Shi Suka Kwashe

A tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Skiyatos, da hantsi a lokacin zafi, masu ƙananan jirage kan jera allunansu a bakin ruwa, kowa na tallan zagayen tsibiri. Sunaye biyu ba sa ɓacewa daga allunan: Lalariya, wata gaɓa mai fararen tsakuwoyi da ba a isa gare ta sai ta ruwa, da kuma Kastro. Amma kafin a karɓi kuɗin kowa sai an dubi iska. Girkawa na da wata iskar arewa da suke kira meltemi, wadda ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta. Ranar da ta tashi, ko nawa fasinja zai biya, ba mai kai shi arewacin tsibirin.

Ranar da ta kwanta kuwa, jirgi kan fita ya bi gaɓar gabas ya miƙe arewa. Otal-otal su ƙare, gidaje su ƙare, sai kurmi da duwatsu. Can a ƙarshen tsibirin sai wani ƙaton dutse ya bayyana, ya kutsa kai cikin teku, ruwa na dukansa ta fuska uku, ga wasu 'yan tsibirai biyu tsugune a gabansa. Daga cikin jirgi babu abin da zai sa mutum ya zaci an taɓa zama a kansa, in ban da tutar Girka da ke kaɗawa a ƙoli. Alhali nan ne babban garin tsibirin, kusan ma a ce shi kaɗai ne gari, tun daga wajen 1360 har zuwa 1830. Shekara kusan 470 ana haihuwa, ana aure, ana mutuwa a inda ko akuya sai ta yi hattara.

Skiyatos ƙaramin tsibiri ne a Tekun Ejiya, cikin rukunin da ake kira Sporades, dab da gaɓar yankin Tasaliya na ƙasar Girka. Tsawonsa kilomita 12, faɗinsa wajen 6, mazaunansa kimanin 6,000. A yau an fi saninsa da wuraren wanka a bakin teku, sama da 60, da kuma filin jirgin samansa, inda jirage ke wucewa dab da kawunan 'yan kallo kafin su dira. Yawancin baƙi rana da rairayi ne suka kawo su. Kaɗan ne ke tuɓe silifas su ɗaura takalmin hawa.

Jirgi kan sauke mutane a ɗan rairayin da ke gindin dutsen. Daga nan sai ƙafa, hawa ne mai sa mutum ya san nauyin jikinsa. Wanda ba ya son teku yana iya biyowa ta tudu daga gari, a mota ko babur, ta cikin gonakin zaitun da kurmi, amma shi ma daga ƙarshe sai ya ajiye abin hawa ya taka. Ta duk inda aka biyo, wuri ɗaya ake haɗuwa, domin ƙofar gari ɗaya ce tak.

Tana kudu, inda dutsen ya so ya haɗe da jikin tsibirin bai ƙarasa ba. A yau matakala ce ke kai mutum bakinta. A da gadar katako ce, wadda ake janyewa ciki in dare ya yi ko aka hango jirgin da ba a yarda da shi ba. Da zarar an janye ta, Kastro ya zama tsibiri a cikin tsibiri. A saman ƙofar akwai wani dandamali da aka tanada don kwararo wa mahara tafasasshen ruwa ko mai. Masu ba da labari sun fi son su ce mai, don ya fi daɗin ji. Gaskiyar magana ita ce, a garin da ba shi da ƙorama, wanda kuma man zaitun shi ne dukiyarsa, ko wanne aka zuba an yi asara. Ta wannan fuska ta tudu ce kaɗai aka yi doguwar ganuwa mai kauri, da tagogin harbi da igwa. Sauran fuskokin uku ɗan gajeren bango ya wadatar, tunda Allah ya riga ya yi musu katanga: mutum ya leƙa ƙasa, sai kumfar ruwa can nesa.

Tambayar da ke zuwa wa duk wanda ya tsaya a nan yana haki ita ce: me ya kawo su? Domin tsibirin yana da tasha mai kyau a kudu maso gabas, wadda ba ta jin iskar arewa, kuma tun zamanin da can mutane suke. Marubucin tarihi Hirodotus ya ambaci Skiyatos a labarin yaƙin Girkawa da Farisawa na shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa, inda ya ce daga tsibirin aka kunna wuta don sanar da rundunar Girkawa cewa jiragen Farisa sun iso. A 1207, bayan da mayaƙan Turai suka wawashe Ƙustantiniyya a 1204, wasu 'yan'uwa daga gidan Gizi na birnin Benis suka kama tsibirin, suka gina ƙaramar ganuwa a bakin tashar, wadda ake kira Burtzi. Wato gari ga tasha, ga ganuwa. Amma aka bar su aka hau dutse.

Kyawun tashar ne ya zama musu bala'i. Inda jirgin ɗan kasuwa ke samun sauƙin tsayawa, nan na ɗan fashi ma ke samu. A ƙarni na 14 Daular Rumawa ta Gabas ta yi rauni, ba ta da jiragen yaƙin da za su tsare tsibiranta, teku ta zama ta mai ƙarfi. Akwai jiragen ƙananan masarautun Turkawa na gaɓar Anatoliya, akwai 'yan Kataloniya da suka riƙe Atina tun 1311, akwai 'yan Jenowa da 'yan Benis, akwai ma Girkawan da suka mai da fashi sana'a. Ba zinariya suke nema a irin waɗannan ƙauyuka ba, don sun san babu. Mutane suke nema. Wanda aka kama, ko dai danginsa su fanshe shi, ko ya ƙare a kasuwar bayi, ko kuma a ɗaure shi a benci yana tuƙa jirgi har ƙarfinsa ya ƙare. Gari a bakin ruwa mai lafiya kamar an ajiye musu kaya ne a bakin hanya.

Ba mutanen Skiyatos kaɗai suka yi wannan lissafi ba. A tsibirin Egina, kusa da Atina, tun ƙarni na 9 aka bar gaɓa aka koma wani tudu a tsakiyar tsibiri. A Kitira an ɓoye babban gari tsakanin kwazazzabai ta yadda ba a hango shi daga teku. A Kiyos an gina Anavatos a kan tsauni da duwatsu masu launin tsaunin, har ba a bambance gida da dutse daga nesa. Wanda ya san tsofaffin garuruwan kan dutse na arewa da tsakiyar Najeriya, waɗanda mutanensu ba su sauko fili ba sai da hare-haren kamun bayi suka ƙare a farkon ƙarni na 20, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Idan aka shige ƙofar Kastro, abin da ke fara ba mutum mamaki shi ne ƙanƙantar wurin. Cikin 'yan mintoci za a taka daga ƙofa zuwa ƙarshen dutse. A wannan ɗan fili ne aka cusa gidaje da ake ƙiyasta su tsakanin 300 da 400. A yau tsibin duwatsu ne da guntayen bango, ciyawa da ƙananan itatuwa sun cinye su, amma tushen ginin na nan, kuma yana ba da labari. Ɗakuna ne ƙanana, wannan manne da wancan, bango ɗaya na gida biyu. Tagogi 'yan mitsi-mitsi, saboda sanyi da kuma tsoro, don haka cikin ɗaki duhu ne ko da rana. Lunguna kuwa, jaki da kaya sai ya yi dabara. Babu tsakar gida, babu inda za a faɗaɗa in iyali sun ƙaru. Mai ziyara da ya zo a ranar da rana ke haske, teku shuɗiya shar, yakan ce kai, waɗannan mutane sun more. Ya dawo a watan Janairu, lokacin da iskar arewa ke watso ruwan gishiri har kan rufi, ya sake faɗa.

Ruwa shi ne babbar damuwa. An gina ramukan tara ruwan sama, har yanzu ana ganin ragowarsu, kuma su ne ainihin ma'aunin kwana nawa gari zai iya jure kewaye. Ganuwa na iya tsayawa shekara ɗari, amma in rami ya ƙafe magana ta ƙare. Abinci kuma duk a waje yake. Gonakin zaitun, da inabi, da ɓaure, da garken awaki suna warwatse a cikin tsibiri, wasu tafiyar sa'o'i. Manomi ya jira a shimfiɗa gada da safe, ya kama hanya, ya yi aikinsa ido ɗaya na kan teku, sannan ya yi sauri ya dawo kafin a janye ta. Wanda dare ya yi masa a waje, shi da Allahnsa. Uwa-uba, dutsen ba shi da tasha. 'Yan tsibiri ne, teku ta kewaye su, amma ba su da inda za su ɗaure babban jirgi. Sun sayi tsaro da kuɗin ciniki, kuma sun biya tsada.

Duk da wannan matsi, an samu wurin coci sama da 20, a unguwanni huɗu. Kada a ɗauka manyan gine-gine ne. Yawancinsu ba su fi ɗaki ɗaya ba, irin wanda wani gida ke ginawa don cika alkawarin da aka ɗauka a lokacin tsanani, ko don tunawa da wanda teku ta ci. Kaɗan ne suka rage a tsaye. Babba a cikinsu ita ce Cocin Almasihu, wadda ta kasance babbar cocin gari, mai zane-zane a bango da sassaƙaƙƙen shingen katako na ƙarni na 17. Akwai kuma ta Waliyyi Nikola, wanda Kiristocin Girka ke ɗauka a matsayin majiɓincin matuƙa jirgi.

Shin dutsen ya yi aikin da aka hau shi dominsa? Ga ƙananan mahara, masu jirgi biyu ko uku da ke son su kwashi mutane su gudu kafin rana ta take, ya yi. Ga rundunar sarki mai igwa kuwa, labari ya sha bamban, kuma shekarar 1538 ta nuna haka.

Bayan da Sultan Muhammadul Fatih ya ci Ƙustantiniyya a 1453, tsibirin ya rasa uban gida, sai mutanensa suka miƙa kansu ga Benis. Shekara 85 suka yi a hannunta, ba su kuma ji daɗi ba: gwamnoni na tatsa, 'yan fashi ba su daina zuwa ba. A 1537 yaƙi ya ɓarke tsakanin Benis da Daular Usmaniyya, Sultan Sulaiman ya saki babban kwamandan jiragen yaƙinsa, Khairuddin Barbarossa, a kan tsibiran Benis. Shi kansa Khairuddin ɗan tsibiri ne, a Lesbos aka haife shi. Shi da yayansa Aruj sun yi suna a yammacin Bahar Rum har suka mallaki birnin Aljiyas, kafin Sultan ya kira shi Istanbul ya damƙa masa rundunar ruwa. Ya san tsibirai, ya san inda mutanensu ke ɓuya. A zagayen farko, 1537, ya ci garin tudu na Egina ya kwashi dubban mutane. Ya gano ɓoyayyen garin Kitira ya rushe shi, har yau ba a sake zama a cikinsa ba. A zagaye na biyu, 1538, ya iso Skiyatos.

Yadda marubutan tarihi suka ruwaito, an yi kusan mako guda ana luguden igwa a kan Kastro. Gwamnan Benis, Jirolamo Memmo, ya ƙi miƙa wuya har aka ji masa rauni. Sai wasu daga cikin gari, ganin ba sarki sai Allah, suka ƙarasa shi suka buɗe wa Turkawa hanya, da zaton hakan zai sa a raga musu. Ba a raga ba. An ce Khairuddin ya fusata da kisan da aka yi wa jarumin da ya tsaya masa, ya sa aka fille kan maciya amanar, sannan aka kwashi jama'a bayi. A watan Satumba na shekarar ya karya rundunar haɗin gwiwar Turai ƙarƙashin Andriya Doriya a Preveza, a 1540 kuma Benis ta sa hannu ta sallama tsibiran.

A Turkiyya Khairuddin gwarzo ne. Kabarinsa na unguwar Beshiktash a Istanbul, ginin shahararren magini Sinan, kusa da gidan tarihin sojan ruwa, kuma har yau sojojin ruwan ƙasar na girmama shi. A tsibiran Girka kuwa sunansa na tafe ne da labarin garuruwan da aka kwana da su aka tashi babu su. Duka biyun gaskiya ne, ya danganta da ko mutum yana cikin jirgin ko yana kan dutsen.

Sannu a hankali gari ya sake cika, ya shiga zaman kusan shekara 300 ƙarƙashin Usmaniyya. Tsibiran na ƙarƙashin babban kwamandan jiragen yaƙi ne. Akwai hakimi Baturke, da alƙali, da masu karɓar haraji, amma harkokin yau da kullum na hannun dattawan gari da ake zaɓa duk shekara. Bayan haraji, ana kuma ɗibar samari su yi aiki a jiragen Sultan. Turkawan da ke zaune a Kastro ba su da yawa, galibi ma'aikata ne da 'yan tsaro, amma sun bar alamarsu. A tsakiyar kufan akwai ɗan ƙaramin masallaci mara hasumiya, tazararsa da coci ba ta wuce 'yan taku ba, akwai kuma ragowar gidan wanka. Musulmin da ya zo daga nesa yakan tsaya a nan fiye da sauran baƙi. A wuri mai ƙunci haka, ladan da mai kaɗa ƙararrawa ba yadda za a yi su kauce wa juna a lungu, ko suna so ko ba sa so.

Kada kuma a ɗauka cewa 'yan'uwansu Kiristoci sun fi tausaya wa mutanen Kastro. A lokacin dogon yaƙin da aka gwabza kan tsibirin Kirit, daga 1645 zuwa 1669, kwamandan Benis Faransisko Morosini ya riƙa bin tsibiran da ke biyan Sultan haraji yana hukunta su. A 1654 ya afka wa garin tudu na Egina. A 1660 ya zo Skiyatos, ya ci Kastro, ya rushe tsohuwar ganuwar Burtzi. Shi ne dai mutumin da igwarsa ta tarwatsa ginin Partenon a Atina a 1687. In sun biya Turkawa, Benis ta ce sun yi cin amana. In sun biya Benis, Turkawa su dawo da bulala. Gaba kura, baya sayaki.

Iskar canji ta fara kaɗawa ne daga wani kwari da ke tsakanin Kastro da tashar kudu. A 1794 wasu ruhubanawa da suka baro Dutsen Atos suka kafa gidan ibada na Evangelistriya, wanda ya zama maɓoyar 'yan tawaye. A 1807 wasu jagororin gwagwarmaya, ciki har da Tiyodoros Kolokotronis da Andireyas Miyaulis, suka taru a nan suka yi rantsuwa a kan wata tuta da aka saƙa a wurin, farin gicciye a kan shuɗi. Girkawa na ɗaukarta a matsayin tutarsu ta farko. Da yaƙin neman 'yanci ya ɓarke a 1821, tsibirin ya cika da 'yan gudun hijira da mayaƙa daga Makidoniya da yankin Dutsen Olimpos. Tsugune ba ta ƙare ba, domin mayaƙi mai yunwa da bindiga a hannu ba ya tambayar akuyar wa ce wannan. Wasunsu ma fashin teku suka koma.

Sai abubuwa suka zo a jere. A 1827 jiragen Ingila da Faransa da Rasha suka nutsar da rundunar Usmaniyya da ta Masar a Navarino. A 1828 Yowanis Kapodistiriyas ya karɓi ragamar sabuwar gwamnatin Girka, ya tura Miyaulis ya share 'yan fashi daga tsibiran Sporades. A watan Fabrairun 1830 aka sa hannu a Landan kan 'yancin Girka, Skiyatos na ciki, ko da yake Tasaliya da ake hangowa daga kan dutsen ta ci gaba da zama a hannun Turkawa har 1881. A Yulin 1830 kuma Faransa ta kama Aljiyas, tsohuwar cibiyar jiragen hari na arewacin Afirka. Karo na farko cikin ƙarnuka, ana iya hango filafilan jirgi a teku ba tare da gaba ya faɗi ba.

Mutanen Kastro ba su ɓata lokaci ba. Tsakanin 1829 da 1830 suka tattara suka gangara tashar da kakanninsu suka bari. Ba wanda ya kore su, ba gobara, ba annoba, ba girgizar ƙasa. Kuma ba da tabarmi da tukwane kaɗai suka tafi ba. Sun ɓalle ƙofofi, sun zare tagogi, sun sauke katakon rufi, duk abin da zai yi amfani a sabon gini sun ɗora wa alfadari ko sun zuba a kwalekwale. Talaka ba ya barin sassaƙaƙƙen katako a baya don marmari. Gidan da aka cire wa rufi kuwa, damina kaɗan ta ishe shi. Wannan ne ya sa kufan Kastro bai yi kama da garin da aka ci da yaƙi ba. Barbarossa ya yi masa luguden wuta ya tashi, Morosini ya ci shi ya tashi, amma da masu shi suka zo da guduma bai sake tashi ba. Coci-coci ne kawai suka ɗan tsira, tunda hannu ba ya saurin kai wa ɗakin ibada, ko da yake su ma an sauko da yawancin allunansu masu hotunan waliyyai zuwa sabon gari. Haka ta faru a Egina, wadda mutanenta suka sauka a 1826: gidaje sun baje, coci sama da 30 na tsaye a kan tudu babu masu shiga.

Lissafinsu kuma ya yi daidai. Tsibirin na da kurmi mai katakon jirgi, yanzu ga tasha, sai sassaƙar jirage da sufurin teku suka bunƙasa a ƙarni na 19. Jikokin masu leƙen teku ta tagar harbi suka zama matuƙa.

Da a ce a nan labarin ya tsaya, da Kastro ya bi sahun ɗaruruwan kufai da ba mai tunawa da su. Abin da ya cece shi marubuci ne. An haifi Alekzandros Papadiyamantis a sabon garin a 1851, shekara 21 bayan saukowa, ɗan limamin coci, ya tashi a gaban tsofaffin da aka yanke wa cibiya a kan dutsen. Ya yi yawancin rayuwarsa a Atina cikin talauci, yana fassara wa jaridu littattafai don ya ci abinci, amma gajerun labaransa, waɗanda suka haura 150, kusan kullum tsibirinsu suke komawa. Ya dawo gida a 1908, ya rasu a 1911. Gidansa yanzu gidan tarihi ne, babban titin gari da filin jirgin sama duk sunansa suke ɗauke da shi, mutumin da a rayuwarsa sau da yawa kuɗin haya ke gagararsa.

Biyu daga cikin labaransa sun rayar da Kastro a zukatan Girkawa. Ɗaya, na 1891, kan wani makiyayin awaki ne da ya yi kiciɓis da 'yan fashi da asuba, ya ruga ya gargaɗi mai tsaron ƙofa kada ya shimfiɗa gada. Gari ya tsira, shi kuwa suka kama shi suka kashe, mutane suka riƙa ɗaukarsa waliyyi duk da ba shi da komai. Ɗayan ya faru ne bayan an watse: wani limami ya ɗebi 'yan ƙauye a kwalekwale cikin tsananin hunturu, suka nufi kufan don su yi ibadar Kirsimeti a tsohuwar cocin, su kuma ceto wasu mutum biyu da dusar ƙanƙara ta tsare a can. Wutar da suka hura a kan dutsen ce wani jirgi da guguwa ta ɗimauta ya hango ya tsira. Ana karanta wannan labari a makarantu, shi ya sa Bagirken da ya hau Kastro ba kango yake gani ba, wurin da ya sani tun yana yaro yake nema. Baƙo na ɗaukar hoton teku, shi yana tambayar ina cocin take.

Yaƙi ya sake leƙo wannan gefe sau ɗaya. A Yaƙin Duniya na Biyu tsibirin ya zama zangon sojojin ƙawance da ake fitarwa a ɓoye zuwa Turkiyya. A Satumban 1943 Jamusawa suka nutsar da jirgin yaƙin Girka mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, Katsonis, a tekun da ke arewacin tsibirin, tare da kwamandansa Basilis Laskos da da yawa daga cikin mutanensa. Ba a gano inda yake kwance ba sai 2018. A Agustan 1944 kuma Jamusawan suka cinna wa sabon garin wuta.

Wasu kufan Girka sun sake rayuwa. A tsibirin Alonisos, maƙwabcin Skiyatos, girgizar ƙasa ta 1965 ta sa aka kwashe mutanen tsohon garin tudu zuwa bakin ruwa. Daga baya Jamusawa da Ingilishi suka saye kangayen da araha suka gyara, yanzu akwai gidajen abinci da shagunan tsaraba a lungunansa. Kastro bai samu wannan ba, da wuya kuma ya samu. Babu bangon kirki da za a ɗora wa rufi, babu ruwa, mota ba ta kai wa ƙofa, ga shi yana ƙarƙashin kulawar hukumar kayan tarihi ta ƙasa, wadda ba ta barin kowa ya aza tubali don kansa. Aikin da ake yi a wurin na riƙo ne: a ƙarfafa ƙofa, a gyara rufin coci da masallaci, a share hanya, a datse itatuwan da saiwarsu ke tsaga tushen gini. A ƙarshen dutsen, kusa da sandar tuta, an bar tsohuwar igwa ɗaya da tsatsa ta ci. Babu shago a ciki, inuwa kuma kaɗan ce, don haka wanda zai hau a watan Agusta sai ya riƙo gorar ruwansa tun daga ƙasa.